Igwar 88 ta Tankar Tiger: Me Ya Sa Ta Yi Suna, Kuma Me Ya Hana Ta Ceci Jamus?

Shin gaskiya ne igwar da Jamusawa suka ɗora wa tankarsu ta Tiger a yaƙin duniya na biyu ta fi kowace igwar tanka ƙarfi a zamaninta? In kuwa haka ne, yaya aka yi ƙasar da ta ƙera ta ta sha kashi? Wannan tsohuwar muhawara ta sake tasowa tun watan Janairun 2023, lokacin da gwamnatin Jamus ta amince ta bai wa Yukren tankokin Leopard 2 guda 14, shugaban Rasha Vladimir Putin kuma, a farkon Fabrairu, ya tsaya a birnin Volgograd, wato Stalingrad ta dā, yana cewa tankokin Jamus sun sake yi wa ƙasarsa barazana. Daga nan hotunan Tiger suka cika shafukan sada zumunta, ana ta maimaita cewa Jamus ta gāji ƙwarewar ƙera igwar tanka tun daga wancan zamani.

Maganar gādon ba ta da tushe mai ƙarfi, gara a kawar da ita tun da wuri. Tankar farko da Jamus ta Yamma ta ƙera bayan yaƙin, Leopard 1 ta shekarar 1965, igwar Birtaniya mai faɗin milimita 105 aka ɗora mata. Igwar Leopard 2 kuwa, mai milimita 120, kamfanin Rheinmetall ne ya ƙirƙiro ta shekaru da dama bayan haka, kuma cikin bututunta sumul yake, babu zanen murɗe irin na igwogin dā. Abin da ya cancanci fashin baƙi shi ne ita tsohuwar igwar kanta, wadda sojoji suka sani da suna 88.

Mene ne ake nufi da 8.8 cm KwK 36 L/56?

Cikakken sunanta ke nan a takardun sojan Jamus, kuma kowane ɓangare na sunan yana ɗauke da bayani. Santimita 8.8, wato milimita 88, faɗin ramin bututun ne, wanda shi ne kuma kaurin harsashin. KwK taƙaitawar kalmar Jamusanci ce da ke nufin igwar da aka yi domin tanka, don a bambanta ta da Flak, igwar kakkaɓo jiragen sama, da kuma Pak, igwar da ake ja a ƙasa domin fasa tankoki. L/56 na nufin tsawon bututun ya ninka faɗin raminsa sau 56, wanda ya kama kusan mita 5.

Wannan lamba ta ƙarshe ita mutane suka fi tsallakewa, alhali ita ce ta fi muhimmanci. Muddin harsashi yana cikin bututu, iskar albarushin da ya ƙone tana ci gaba da tura shi. Saboda haka doguwar igwa mai isasshen albarushi tana fitar da harsashi da gudun da gajera ba za ta iya ba. Ƙarfin bugun harsashi kuwa ya fi dogara ga gudunsa bisa nauyinsa, domin idan aka ninka nauyi sau biyu ƙarfin bugu zai ninku sau biyu, amma idan aka ninka gudu sau biyu zai ninku sau huɗu. Harsashin fasa sulke na KwK 36 yana da nauyin kilo 10.2, yana fita da gudun da ya kusa mita 800 a sakan ɗaya, kuma a gwaje-gwajen Jamusawa yana huda faranti na ƙarfe mai kaurin kimanin milimita 100 daga nisan kilomita ɗaya, ko da an ɗan karkata farantin. An yi wa bakinsa hula ta ƙarfe mai taushi don kada ya tarwatse ko ya zame idan ya bugi sulke, sannan a gindinsa akwai ɗan abin fashewa da ke tashi bayan ya shige cikin tankar da aka harba.

Asalinta: igwar da aka yi don sama

Yarjejeniyar Versailles ta 1919, wadda aka ƙulla bayan yaƙin duniya na farko, ta haramta wa Jamus mallakar tankoki, ta kuma ɗaure mata hannu wajen ƙera manyan makamai. Kamfanin Krupp na birnin Essen ya bi ta bayan gida: ya tura injiniyoyinsa ƙasar Suwidin suka yi aiki tare da kamfanin Bofors, inda aka fara tsara sabuwar igwar kakkaɓo jirage. Da aka soma ƙera ta da yawa a 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki, sai aka laƙaba mata suna Flak 18, domin a ɗauka tsohon ƙirar 1918 ce da ta riga yarjejeniyar.

Igwar da za ta kai harsashi kilomitoci sama cikin 'yan sakanni dole ta kasance mai gudun harsashi, mai saurin ɗuri, mai juyawa ta kowace fuska. Waɗannan siffofi su ne daidai abin da ake bukata wajen fasa tanka. An ga alamar haka a yaƙin basasar Sifen tsakanin 1936 da 1939, inda rundunar da Jamus ta aika wa Janar Franco ta riƙa sunkuyar da bakin igwar tana harbin abin da ke ƙasa.

Inda lamarin ya fito fili shi ne Faransa. Ranar 21 ga Mayun 1940, kusa da garin Arras, tankokin Matilda na Birtaniya suka afka wa rundunar Janar Erwin Rommel na Jamus. Ƙaramar igwar fasa tanka ta Jamusawa, mai milimita 37, harsashinta sai ya bugi sulken Matilda ya koma gefe. Babbar Matilda tana da sulken gaba mai kaurin milimita 78. Sai da Rommel ya jera manyan igwogi, har da 88, kafin aka tsayar da harin. Shekara guda bayan haka, a Yunin 1941, a mashigar Halfaya da ke kan iyakar Masar da Libiya, 'yan igwogin 88 da aka binne cikin ramuka har wuya suka lalata mafi yawan tankokin Matilda da suka tunkare su, tun daga nisan da tankokin ba su iya ramawa.

Amma igwar Flak tana da babban aibu a fagen daga. Doguwa ce, ana hango ta daga nesa, tana da nauyin tan da dama, sai da babbar mota ake jan ta, kuma sojojin da ke aiki da ita a fili suke tsaye, babu abin da ya kare su sai ɗan faranti a gaba. Tunanin sanya irin wannan ƙarfi cikin akwatin ƙarfe mai tafiya da kansa daga nan ya samo asali.

Kurakurai biyu da aka fi yi

Na farko shi ne cewa an yi Tiger ne don mayar da martani ga tankar T-34 ta Tarayyar Soviet. Kwanakin tarihi ba su goyi bayan haka ba. A ranar 26 ga Mayun 1941 Hitler ya ba kamfanonin Henschel da Porsche umarnin su fito da babbar tanka, kusan wata guda kafin Jamus ta mamaye Tarayyar Soviet ranar 22 ga Yuni. Abin da ke ransa a lokacin shi ne Matilda ta Birtaniya da Char B1 ta Faransa. Haɗuwa da T-34 da KV-1, babbar tankar Soviet, ta ƙara wa aikin gaggawa ne kawai. Tankar da aka yi takanas saboda T-34 ita ce Panther, wadda ta kwaikwayi karkataccen sulkenta; Tiger kuwa sulkenta a miƙe yake kamar bangon ɗaki, alamar cewa tsarin jikinta ya riga darasin T-34.

Ya kamata a tuna da halin da tankokin Jamus ke ciki a 1941, domin mutane da yawa suna zaton tun farkon yaƙin sun fi na kowa. Panzer III igwarta milimita 37 ce, daga baya ta koma 50. Panzer IV tana da igwa mai milimita 75, amma gajera ce ƙwarai, L/24, an yi ta ne don rusa maɓoyar sojojin ƙasa. Nasarorin 1939 zuwa 1941 sun samu ne daga horo, da rediyo a cikin tankoki, da haɗin kai tsakanin tanka da jirgin sama da sojan ƙasa. Ta fuskar igwa da sulke, sau da yawa Jamusawa ne ke ƙasa. Don haka 88 ta cikin tanka gyaran wani rauni ce da ya bayyana a fagen daga.

Kuskure na biyu shi ne cewa an ɗauki igwar Flak ne kawai aka cusa cikin tanka. Krupp ya yi amfani da faɗin rami ɗaya, da tsawon bututu ɗaya, da harsashi mai siffa ɗaya, amma sauran sassan sai da aka sake su. Ƙofar ɗuri ta Flak a kwance take zamewa, ta KwK 36 kuwa sama da ƙasa take motsi. Flak tana tayar da albarushi da bugun allura, ta tanka kuma da wutar lantarki. Sannan an ƙara mata wani ƙarfe mai ramuka a bakin bututu da ke karkatar da iskar harbi gefe, don rage ja da bayan da igwar ke yi, tunda a cikin hasumiyar tanka, wato ɓangarenta na sama mai juyawa da ke ɗauke da igwar, babu filin da za ta ja da baya yadda take so. Dangi ne na kusa, amma kowace da aikinta.

An nuna wa Hitler samfurin kamfanonin biyu a ranar haihuwarsa, 20 ga Afrilun 1942. Na Porsche, mai haɗa injin fetur da na lantarki, ya yi ta samun matsala, sai aka zaɓi na Henschel, aka soma ƙerawa a birnin Kassel a watan Agusta.

A cikin hasumiyar

Mutum biyar ke cikin Tiger. Direba da mai rediyo suna gaba a ƙasa, kwamanda da mai saiti da mai ɗuri suna cikin hasumiyar da ke juyawa, gindin igwar ya raba ta kusan biyu. Mai ɗuri yana tsaye ta dama, yana zaro harsashi haɗe da kwansonsa, mai nauyin kimanin kilo 15, daga cikin 92 da tankar ke ɗauka, ya juya shi a wurin da da ƙyar mutum ke miƙe hannu, ya tura shi ciki da dunƙulen hannu don kada ƙofar ɗurin ta datse masa yatsu, domin da kanta take rufewa. Ana harbawa igwar ta ja da baya, ƙofar ta buɗe, kwanso mai zafi ya faɗo, hayaƙi ya cika wurin. Mai saiti yana zaune ta hagu, goshinsa manne da madubin hange mai ido biyu, ƙafarsa a kan fedar da ke juya hasumiyar da ƙarfin injin tankar. Idan injin ya mutu, sai ya koma murɗa ƙaramin gargare da hannu, kuma sai ya murɗa shi sau 720 kafin hasumiyar ta zagayo sau ɗaya.

Babbar fa'idar igwar ita ce miƙewar tafiyar harsashinta. Yana cin kilomita ɗaya cikin ƙasa da sakan ɗaya da rabi, ba ya yin lanƙwasa sosai a hanya, saboda haka ko mai saiti ya ɗan yi kuskure wajen kintata nisa, yawanci zai samu abin da ya nufa. Haɗe da sulken gaba na milimita 100, wannan ya ba Tiger damar lalata T-34 ko Sherman ta Amurka daga nisan da ya wuce kilomita ɗaya da rabi, alhali su sai sun matso ƙwarai, ko sun zagayo ta gefe inda sulken yake milimita 80. A filayen Rasha da Yukren masu faɗi, daga ƙarshen 1942 zuwa cikin 1943, wannan fifiko na gaske ne, ba farfaganda ba ce.

To, ita ce mafi ƙarfi?

Ko a cikin igwogin Jamus ba ita ce ta ɗaya ba. Igwar Panther, KwK 42 ta kamfanin Rheinmetall-Borsig, raminta milimita 75 ne kacal, amma tsawonta L/70, kuma harsashinta mai kilo 6.8 yana fita da gudun sama da mita 900 a sakan. Idan aka yi lissafi, ƙarfin bugun harsasan biyu kusan ɗaya ne, sai dai na Panther yana tara ƙarfinsa a wuri mafi ƙanƙanta, kamar yadda siririyar ƙusa ta fi kakkaura saurin shiga katako da bugun guduma iri ɗaya. Don haka a nisan da aka fi gwabzawa, ta Panther ta fi huda sulke. Inda 88 ta fi ita ce harsashi mai fashewa da ake harba wa gine-gine da ramukan sojoji, saboda ya fi ɗaukar nakiya. Daga baya kuma aka yi wata 88 ɗin mai tsawon L/71, KwK 43, aka ɗora wa Tiger II, wadda ba a ƙera ko 500 ba.

Akwai kuma harsashi na musamman mai ƙwayar ƙarfen tungsten a ciki, wanda ya fi sauran huda, amma Jamus ba ta da wannan ƙarfe a ƙasarta. Daga Fotugal da Sifen take sayo mafi yawansa, masana'antu kuma suna bukatarsa wajen kayan yankan ƙarfe, don haka harsashin ya yi ƙaranci ƙwarai a hannun masu tanka.

Abokan gaba ma ba su zauna ba. A Janairun 1943 sojojin Soviet suka kama Tiger kusa da Leningrad, suka gwada igwoginsu a kanta, suka gano cewa igwarsu ta kakkaɓo jirage mai milimita 85 tana huda ta. Suka bi hanyar da Krupp ya bi, suka mayar da ita igwar tanka, T-34-85 ta fito a farkon 1944, tare da IS-2 mai igwar milimita 122. Birtaniya ta kama tata Tiger ɗin a Tunisiya a Afrilun 1943, wadda har yau tana gidan adana tankoki na Bovington a Ingila kuma injinta yana tashi, sannan ta cusa igwarta mai ƙarfi ta fasa tanka cikin Sherman, aka samu Firefly. Fifikon KwK 36 na gaske bai wuce shekara ɗaya da rabi ba.

Ɓangarorin muhawarar

Masu yabon Tiger suna kafa hujja da yawan tankokin da bataliyoyinta suka ce sun lalata, da irin abin da ya faru a Villers-Bocage na Faransa ranar 13 ga Yunin 1944, inda Michael Wittmann, jami'in rundunar SS ta jam'iyyar Hitler, ya tarwatsa jerin motocin yaƙin Birtaniya cikin 'yan mintuna. Suna kuma cewa tsoron da ta jefa a zukatan sojojin ƙawance makami ne mai zaman kansa, kuma wannan gaskiya ne, domin sojoji da yawa sun riƙa kiran kowace tankar Jamus Tiger, ko da Panzer IV ce, kowace igwa kuma 88.

Masu suka suna cewa a duba lissafin. Daga Agustan 1942 zuwa Agustan 1944 Tiger kimanin 1,350 kawai aka ƙera, alhali Amurka ta ƙera Sherman kusan 49,000, Tarayyar Soviet kuma T-34 sama da 50,000 a lokacin yaƙin. Kuɗin Tiger ɗaya ya fi na Panzer IV biyu. A yaƙin Kursk na Yulin 1943, wanda ake yawan ambata ta a cikinsa, Tiger ɗin da suka shiga ba su wuce 150 ba. Alƙaluman kisan da ake yawo da su kuwa iƙirarin sojojin da suka yi harbin ne, kuma kowace runduna a duniya tana ƙara gishiri a irin wannan ƙidaya. Shi kansa Wittmann ma'aikatar farfaganda ce ta ɗaukaka shi, kuma an kashe shi cikin Tiger ɗinsa ranar 8 ga Agustan 1944, ƙasa da wata biyu bayan waccan nasara.

A ganina hujjar masu suka ta fi nauyi, kuma dalilin yana cikin igwar kanta. Babbar igwa tana bukatar babbar hasumiya, babbar hasumiya tana bukatar faffaɗan jiki, faffaɗan jiki mai kaurin sulke ya kai tankar kusan tan 57, bayan an tsara ta a kan tan 45. Daga nan matsaloli suka biyo juna. Gadoji da yawa ba sa ɗaukarta, har na farko-farko aka yi musu bututun shaƙar iska don su ratsa kogi ta ƙarƙashin ruwa. Faɗinta ya wuce na taragon jirgin ƙasa, don haka kafin a loda ta sai an kwance faffaɗar sarƙarta an ɗaura siririya, in an isa kuma a sake mayarwa. Ƙafafunta da ke shiga tsakanin juna suna tara laka, wadda ke daskarewa cikin daren hunturun Rasha. Injin Maybach da giyarta suna aiki a iyakar ƙarfinsu kullum. Tana shan fetur kimanin lita 540 a tafiyar da ba ta wuce kilomita 100 da 'yan kai ba idan an bar titi, a ƙasar da man fetur ke neman gagararta. Idan ta lalace, sai an haɗa manyan motocin ja har uku kafin a motsa ta, kuma rundunar da ke ja da baya ba ta da wannan sukuni. Shi ya sa Tiger masu yawan gaske masu su ne suka fasa su da nakiya suka tafi a ƙasa, igwar tana lafiya lau.

Igwar da ta ɗauki mafi yawan nauyin yaƙin tankokin Jamus ba ta yi suna ba ko kaɗan: doguwar 75 ce, KwK 40, da aka soma ɗora wa Panzer IV a 1942, tare da 'yar'uwarta da ke kan motar yaƙi ta StuG III, waɗanda aka ƙera dubbai.

Waɗanda suka biya farashin

Hotunan da ake yaɗawa ba sa nuna hannayen da suka ƙera waɗannan makamai. Yayin da aka kwashe mazan Jamus zuwa fagen daga, masana'antu suka cika da ma'aikatan tilas: fursunonin yaƙi, da fararen hular da aka kamo daga Poland da Yukren da Rasha da Faransa da sauran ƙasashen da aka mamaye, da fursunonin sansanonin gwale-gwale. Henschel ya yi amfani da dubbansu a Kassel, Krupp kuma da dubun-dubatarsu. Mazauna garuruwan ma ba su tsira ba, domin masana'antun sun ja musu ruwan bama-bamai. A daren 22 ga Oktoban 1943 jiragen Birtaniya suka ƙone tsakiyar Kassel, mutane dubbai suka hallaka, Essen kuwa an yi ta kai mata hari har ƙarshen yaƙin.

Ita kuma igwar Flak, wadda aka ƙera kimanin 20,000, mafi yawanta ba su ga tanka ba, suna girke ne a kewayen biranen Jamus bakinsu na kallon sama. Daga 1943 aka soma ɗebo 'yan makaranta masu shekara 15 zuwa 17 ana sa su aiki a kansu, don a saki manyan sojoji su tafi gabas.

Bayan yaƙin, wata kotun sojan Amurka a Nuremberg ta gurfanar da Alfried Krupp, mai kamfanin, tare da wasu manyan daraktocinsa. A 1948 aka same shi da laifin wawashe dukiyar ƙasashen da aka mamaye da kuma bautar da ma'aikatan tilas, aka yanke masa ɗaurin shekara 12 tare da ƙwace dukiyarsa. A farkon 1951, ana tsakiyar yaƙin Koriya, ƙasashen Yamma kuma suna bukatar ƙarafan Jamus, babban kwamishinan Amurka a Jamus John McCloy ya yi masa sassauci, aka sake shi, aka kuma soke umarnin ƙwace dukiyar.